Despina da Majigin Ranar Lahadi

Tun Despina tana ƙarama mahaifiyarta ke cewa kamar an zuba mata tururuwa a ƙafa. A shagon kifi da dankalin da iyayenta suka buɗe a unguwar Footscray ta birnin Melbourne bayan sun zo daga Girka, yayanta Stelios yakan wuni yana fere dankali bai ɗaga kai ba. Ita kuwa in aka ba ta wuƙa, kafin a juya ta ajiye, tana bakin ƙofa tana kallon motoci.

Haka ta girma. Ta bar makaranta ba ta gama ba. Ta tsinki inabi a Mildura, ta yi girki a jirgin masunta can arewa, ta dawo Melbourne ta tuƙa tiram, jirgin ƙasan cikin gari, har fasinjoji suka fara gaishe ta da suna, sai ta ajiye aikin. Ta yi aure a Whyalla da wani mai walda, mutumin kirki da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta bar shi saboda wata safiya ta lura ta san duk abin da zai faɗa kafin ya buɗe baki. Ba ta haihu ba. Duk abin da ta mallaka jaka biyu na ɗauke shi.

Despina na dab da shekara sittin mahaifiyarta ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Stelios ya kira ta.

"Ni ina shago, matata na fama da hawan jini. Ke me kike yi a can da ba za a iya bari ba?"

"Yaya, ina da aiki fa."

"Aikin da za ki bari kafin bikin Ista? Malama, tattaro ki taho."

Ta taho. Gidan da ta gudu daga cikinsa tana budurwa ya sake rufe ta. Tsohuwa ba ta tashi, hankalinta kuma ya fara gushewa, wani lokaci ta kira Despina da sunan ƙanwarta da ta mutu tun a ƙauye. Despina ta yi wanka, ta yi girki, ta ba da magani, sannan ta riƙa zirga-zirga daga kicin zuwa falo, daga falo zuwa ƙofa, har kafet ya yi hanya. Ta sauya wa kujeru wuri ya fi a ƙirga. Ranar Lahadi ce kawai Stelios ke zuwa bayan coci ya karɓe ta, ita kuma ta fita ta yi ta tafiya ba inda ta nufa.

A irin wannan yawon ruwan sama ya kora ta cikin wata tsohuwar masana'antar takalma. Daga sama ta ji wani sauti, ba kiɗa sosai ba, kamar ana buga tukwane a ƙarƙashin ruwa. Ta hau. Ta tarar da mutane zube a tsofaffin kujeru, kowa da kwamfuta a cinya, an ja labule, majigi na haska bango. A bangon rubutu ne ke gudana, a bayansa kuma launuka na murɗawa. Duk sanda wani mai gemu ya sauya layi ɗaya, sai launin ya karye, sautin ma ya canja hanya. A gefe butar shayi na tafasa, ga biskit a faranti.

Wata doguwar mata ta taso. Hinewai ce, 'yar New Zealand, ita ke buɗe wurin duk Lahadi.

"Anti, shayi ko kujera?"

"Ba zama zan yi ba, ruwa nake jira ya ɗauke."

"To jira a nan, kin tare wa mutane haske."

Ta zaunar da ita gaban wata kwamfuta, ta nuna mata da'ira fara a allo da layin umarnin da ya zana ta, ta ce ta taɓa duk lambar da ta ga dama. Despina ta goge biyar ta sa ɗari tara. Da'irar ta kumbura ta cinye bangon, ɗakin ya yi fari fat, mai gemu ya yi ihu ya kare idonsa. Aka fashe da dariya. Ruwa ya ɗauke, Despina ba ta sani ba. Ranar sai da Stelios ya kira ta sau da yawa kafin ta ɗauka.

Ba ta da haƙurin koyo, wannan kowa ya shaida. In Hinewai ta fara bayani, kafin ta kai rabi Despina ta danna. Takan manta waƙafi ɗaya, bango ya yi baƙi, lasifika ta yi shiru, har suka laƙaba mata Anti Ɗauke-wuta.

"Jama'a a kunna tocila, Anti za ta hau!"

"Kai da gemunka kamar tsintsiya, wata nawa kana zana mana murabba'i ɗaya? Matsa ka ga aiki."

Abin da ya kama ta shi ne a nan ba wanda ya ce sai ta gama. Ana rubutawa a gaban jama'a, ana gani, ana ji, in ya ishe ka ka share ka ɗora wani. Ta sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani ɗalibi. Ta fara yawo da waya tana ɗaukar sauti: ƙarar mai in an jefa kifi a shagon Stelios, ƙararrawar tiram, faɗan da tsohuwa ke yi mata da Girkanci. Ta yanka su gutsi-gutsi ta sa su bi juna, ta sa launi ya yi tsalle duk sanda mai ya yi ƙara.

Hinewai ta ara mata ƙaramin majigi. Da la'asar sai Despina ta ja labulen ɗakin tsohuwa ta haska silin, ta zauna a bakin gado tana gwaji. Wata rana tana neman yin wuta sai ta kuskure ta samu shuɗi mai kaɗawa. Tsohuwar, da ta kwana biyu ba ta ce uffan ba, ta ɗaga yatsa.

"Ga teku. Ki kira babanki ya shigo da jirgi, iska za ta tashi."

Despina ta janye hannu daga kwamfutar. Ita da ba ta iya barin abu ya yi minti ɗaya ba ta taɓa shi ba, ta bar shuɗin nan yana kaɗawa har tsohuwa ta yi barci.

Da hunturu ya shigo tsohuwar ta rasu. Bayan an yi addu'ar arba'in, Despina ta sauko da jakunkunanta. Wata ƙawarta ta samo mata aikin girki a garin Broome mai nisa. A makon kuma Hinewai ta ce za ta koma gida Whanganui, mahaifinta ya tsufa, ta miƙa wa Despina mabuɗin masana'antar a gaban kowa.

"Ke ce ba ki fashi, Anti. Riƙe."

Despina ta ɓoye hannuwanta a baya. "Ni? Duk Lahadi, ƙofa ɗaya, bene ɗaya? Ba ki san ni ba, 'yar nan."

Ta fita ba ta sha shayi ba. Kwanakin da suka biyo baya ba ta samu sukuni ba. Ta ɗaure jaka ta kwance. Ta tafi tashar jirgi ta dawo. In ta tuna Broome sai ta ga tukwane da albasa, ba majigi, ba mai tsokanarta. In ta tuna benen nan sai ta ga kanta a kulle, ƙofa ɗaya duk Lahadi. Ta je shago ta tarar da Stelios na juya dankali.

"Na san wannan fuskar," in ji shi, bai ko juyo ba. "Yaushe jirgin?"

"Ban ce zan tafi ba."

"Ba ki ce za ki zauna ba. Ki tafi mana, mun saba. Kin samu mutanen da suka jure ki, su ma ki watsar da su."

"Yaya, in na zauna zan tsane su. Na san kaina."

"To sai ki ɗora su a ka ki tafi da su!"

Ya faɗa ne don ya ƙona mata rai. Ita kuwa sai maganar ta ba ta dabara, ta ɗauki dankali ɗaya mai zafi ta fita da sauri.

Ba ta je Broome ba, ba ta kuma karɓi mabuɗi ba. Mai gemu ne ya karɓa. Da rabonta na gadon gidan ta sayi tsohuwar 'yar bas, ta cire kujerun baya ta shimfiɗa katifa. 'Yan Lahadi suka tara mata kwamfutocin da suka daina amfani da su, Hinewai ta bar mata majigin. Ta nufi garuruwan manoman alkama, inda ba a taɓa yin irin wannan taro ba.

Na farko ya ba ta kunya. Ta nemi zauren 'yan ƙwallo a wani ƙaramin gari, ta jera kujeru, ba wanda ya zo sai tsofaffin mata biyu da suka ɗauka wasan tambola ne. Ɗaya ta ce hasken na sa ta jiri ta tafi. Ɗayar ta zauna, washegari ta naɗo sautin injin ɗinkinta a waya ta kawo. A gari na gaba masu askin tumaki ne suka cika wurin, suka yi ta gardama a kan wane ne ya sa bango ya yi kalar amai.

Yanzu gwiwarta ta fara ciwo, bas ɗin ma na cin mai kamar me. Ba ta kwana uku a gari ɗaya sai in mota ta lalace. Wasu garuruwan sun ci gaba da haɗuwa bayan ta wuce, wasu ko tunawa ba su yi. Takan faɗo Footscray ba sanarwa, ta hau benen tana haki, ta ɗauke musu wuta, ta ci kifi a tsaye a shagon Stelios. Kwanan baya ya bi ta har bakin mota da ƙunshin dankali, yana mita cewa tayar baya ta suɗe, in ta kashe kanta a daji kada wanda ya kira shi. Ta ce ta ji. Ya durƙusa da kyar ya duba sauran tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana zaune ta riga ta tada injin, tana buga sitiyari da yatsu.