Malam Elkana, Wanda Ya Ƙi Rubuta Amsa a Allo

Kullum da safe Malam Elkana yakan tako da ƙafa daga Lokuwa zuwa makaranta, alli a aljihu. Shekara da shekaru yana koyar da kalkulas, lissafin nan na yadda abu ke sauyawa, wanda yara ke gudu tun kafin su san kamanninsa.

To ina laifinsu? Darasin ƙarshe aka ba shi, lokacin da rana ta take, ciki ya ɗauki kuka. Yaran kuma an yi ta turo su gaba ba su iya buɗe baka a aljabara ba. Sai ya koma da su baya, ba tsawa. Ya nuna Keke Napep ta taga ya ce, "Ku duba yadda yake rage gudu a kwanar can. Abin da muke aunawa ke nan."

Abin takaicin yana aji uku. Da zango na biyu ya kama, sai aji ya watse. Iyaye sun kwashe 'ya'yansu zuwa santocin jarrabawa na ƙauye, inda ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. An nemi shi ma ya riƙa yi, ya ƙi. Daga nan ya zama mai taurin kai, mai ɓata wa makaranta sakamako.

Bara ɗaliba ɗaya ta rage masa, Afrah. Mahaifinta, Alhaji Mamadu, ɗan kasuwa a Yelwa, ya zo da kansa zai cire ta.

"Malam, an ce kai ba ka taimakon yara ranar jarrabawa."

"Alhaji, shekara uku nake taimakonsu kafin ranar."

Afrah ta ce ba inda za ta. Sakamako ya fito, ta tsira da kiredit da ƙyar, waɗanda suka gudu suka dawo da A a jere. Ta yi kuka a gaban Malam. Wallahi ranar ya koma gida yana tunanin ko cutar yarinyar ya yi.

Watan nan ya yi ritaya. An goge darasinsa daga jadawali, wai babu masu so. Wannan abin kunya namu ne, mu iyaye.

Malam Elkana, kai ne ka tsaya gaban benci wayam kana koyarwa kamar aji a cike. Mun gode, ko da godiyar ta makara. Malaman da suka rage, ku yi koyi da shi. Iyaye, ku bar yara a aji.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi sallama a ƙofar Malam Elkana. Alhaji Mamadu ne, riƙe da hannun ƙanen Afrah.

"Na ga Afrah tana koya wa yaran unguwa lissafi, masu A ɗin ma wurinta suke zuwa," in ji shi. "Wannan ma a ba shi irin nata, Malam. Mai wahalar."