Jarumin da Ya Zubar da Taki

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka zaunar da ni a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Kagara kamar wanda ya yi sata. Jakinmu na ɗaure a gefe da mangala a bayansa yana korar ƙuda, ni kuma ina rungume da wani littafin Turanci mai jan bango. Babana ya riga ya yanke cewa bokon ya isa haka. Yayana ya tafi cin rani bai dawo ba, ga taki jibge a bayan gida ba mai kai shi gona, ga damina tana ƙaratowa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a gidanmu magana ba ta zama sai kakana, Baba Tsoho, ya sa baki. Shi ya ce in karanta masa abin da ake koya mana ya ji da kunnensa, sannan a san abin yi.

Littafin ba nawa ba ne. Malam Yohanna, malaminmu mutumin Filato, shi ya ara mini don ya ga ina son karatu. Labarin wani jarumin Girkawan dā ne, ƙato mai ƙirji kamar turmi, wanda ya shaƙe zaki da hannu ya mai da fatarsa riga. Sunansa ya gagari harshenmu, sai muka raɗa masa Mai Fatar Zaki. A wannan zangon har langa muka yi wa yaji. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai mu yafa tsohon buhun albasa mu yi ta kokawa a kan wa zai zama shi, wanda aka kayar kuma shi ne zaki. Ni kam a kan jaki ma karantawa nake in an aike ni gona, tunda jakin ya fi ni sanin hanya.

Ranar sai na yi dabara irin ta yaro. Na tsallake inda ake maganar gumakansu, na tsallake macizai, na zaɓo labarin da nake ganin zai burge manomi, wato labarin aiki. Wani sarki ne mai shanu ba iyaka, an yi shekara da shekaru ba a share garkensa ba, kashin shanu ya taru ya zama tudu. Aka ce jarumin ya kwashe shi a yini guda. Shi kuwa bai ɗauki ko shebur ba, sai ya fasa katanga, ya karkato kogi ya bi ta cikin garken, ya wanke shi tas. Ina karantawa ina fassarawa, na ƙarasa ina hura hanci kamar ni na karkato kogin.

Baba Tsoho ya dube ni ya ce, "Tsaya, ɗan nan. Takin hwa, ina yat tahi?" Na ce ruwa ya tafi da shi. Sai tsohon ya kama salati. Mu da ke ba Fulani damin gero bayan girbi don kawai shanunsu su kwana a gonarmu, mu da innata ke tara toka da kashin awaki ba ta yarda ko tafin hannu ya salwanta, yau ga wani ya samu arzikin da zai ciyar da gonakin Goronyo har Wurno ya tura shi gulbi. "Wanga ba jarumi ba na," in ji shi, "maɓarnaci na." Babana ya yi dariya ya miƙe ya nufi jaki. Na ji hawaye sun cika mini ido, don na san da bakina na kashe makarantata.

Ina share fuska da gefen riga sai na ji tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "To daga nan kuma mi yay yi?" Na ce akwai sauran ayyuka da yawa a gaba, amma littafin na malam ne, ɗalibai kawai yake ara wa. Ya ce to Litinin in koma, shi yana son ya ji ko wannan ƙaton zai yi hankali. Da babana ya tambaye shi wa zai kai taki, ko kallonsa bai yi ba.

Shi ya kai. Tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ya daɗe da ajiye fartanya, na riƙa hango shi ta tagar aji yana bin jaki da sanda, mangala cike, yana ɗingishi a cikin rana. Bayan la'asar kuma ya shimfiɗa buzunsa ya ce in kawo masa mutumin nasa. Ya yi ta faɗa da jarumin nan har littafin ya ƙare, wani wuri ya yaba masa, wani wuri ya yi tsaki, amma takin nan bai taɓa yafe masa ba. Ranar da muka rufe shafin ƙarshe ya ce, "Ƙarhi gare shi, Allah ya ba shi. Tsoho na ba shi da shi a gida." A lokacin dariya na yi, ban san abin da yake faɗa ba.

Yanzu ina aiki a Sakkwato, Baba Tsoho ya daɗe a ƙasa, tsamiyar ma an sare ta. Taki ya koma na buhu, babur ke kai shi gona. Bara na ga irin littafin a wani shago na saya wa 'yata, na zauna ina jiran ta iso labarin garken. Ta karanta shi ta wuce, ba ta ga abin tsayawa ba, ni kuma na rasa ta inda zan fara yi mata bayani. Ban taɓa kayar da kowa a kokawa ba, kullum ni ne zaki. Amma ni ina da tsoho a gida.