Katin Ƙwayar da Yayata Ta Ƙulle a Zani

Shekarun baya ne, kuma ba zan rantse a kan kowane bayani ba, don wasu abubuwan sun fara dushewa a kaina. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina zaune gida a Bodinga. Ilimin ƙasa na karanta, amma a wurin danginmu duk wanda ya yi digiri likita ne.

Yayata da ke aure a Kajiji ta zo mana kwana biyu, tana goye da jaririya ta wata huɗu. Sau biyu tana kwanika, wato samun ciki tana kan shayarwa, kuma haihuwar ƙarshe ta wahalar da ita ƙwarai. Da mahaifiyarmu ta fita, sai ta kwance bakin zani ta miƙo mini katin ƙwayar tazarar haihuwa. Maƙwabciyarta ce ta ba ta.

"Malama 'yar boko, duba mini. Wannan ta dace da ni?"

Na ga an ɓalle guda biyar kacal, alhali ta ce wata biyu ke nan katin na hannunta. Ashe mijinta na bin kasuwanni da awaki, ita kuma sai ranar da ya dawo gida take sha. Ta ce mi za ta sha wa magani mai gida ba ya nan?

Na karanta takardar maganin sau uku, har da ja mata layi da biro. Duk abin da ta tambaya sai in ce wataƙila, ko ya danganta. Ta yi dariya ta ce shekara huɗun da na yi a jami'a "ya danganta" na koyo. Abu ɗaya na iya tsayawa a kai: ni ban sani ba, mu je inda aka sani.

Washegari muka tafi asibiti a Shagari. Ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta ce jininta ya hau, kuma irin wannan ƙwayar ba ta dace da mai hawan jini ba. Akwai wata ta masu shayarwa, amma kullum ake sha, lokaci guda. Akwai allura, akwai kuma ashana, wadda ake sawa a damtse.

Yayata ta ce, "Ni da nake neman ludayi yana hannuna, zan iya tuna shan ƙwaya kullum? Bari in yi magana da mai gida."

Na yi ta fargabar abin da zai ce. Bayan sati, shi da kansa ya kawo ta kan babur aka sa mata ashanar. Ya ce ya ga yadda ta kwanta a haihuwar baya, ba ya son sake gani.

Yarinyar ta shekara uku kafin ta sami ƙane. Har yau ina tuna cewa da na ji kunyar cewa ban sani ba, da na ce mata ta riƙa sha kullum.

Yaya, na san 'yarki na karanta miki abin da nake rubutawa. In guda shida ne aka ɓalle, ko na yi kuskure a wani wuri, ki aiko in gyara.