Maratayin Bindigar Merv

Sun yanke maratayin bindigar yayana Merv, sannan suka ce wai tsufa ne ya kama shi.

Shekara talatin da ɗaya yana aiki a wata gonar shanu da ke yammacin jihar Queensland. Duk dabbar da ta karye, shi ake kira ya hutar da ita. Hannunsa na rawa tun yana saurayi, shi ya sa yake naɗe maratayin fatar a dantsensa na hagu, ya ɗame shi tam, bindiga ta tsaya cak. Harsashi ɗaya ya ishe shi.

Sabon manaja, Craig, ya sa wuƙa ya datse maratayin a gaban ma'aikata. Ya ce, "Tsoho, jakar matarka ce wannan? Harba kamar namiji mana!"

Ran nan goɗiyar Merv ce ta karye a rami. Sau uku Merv yana harbi ba maratayi, tana shure-shure, Craig na ta dariya.

Ranar Juma'a suka sallame shi. Yanzu yana gidana, ko shayi ba ya sha.

Ku masu gonar, ku tako har ƙofata, ku dubi idonsa, ku faɗa masa wanda ya azabtar da goɗiyar nan.