Ranar da Kaka ta sauka a tashar Jidda

Ɗazu jikata ta durƙusa ta gaishe ni, sai na tuna unguwarmu Karantina ta Jidda a shekarun 1970.

Ƙungiyar iyayenmu ta kama ɗaki ana koya mana karatun Larabci. Amma malamarmu, Inna Hajara, ba ta barin kowa ya shiga sai ya durƙusa ya yi gaisuwa da Hausa.

Wata rana na ce, "Inna, halas, ya isa haka mana, a Jidda fa aka haife mu."

Ta ce, "Kakarki na tafe aikin hajji. Da wane baki za ki tarbe ta?"

Da jirgin ruwan su Kaka ya iso, na durƙusa na ce, "Kaka, sannu da hanya." Ta riƙe kaina tana hawaye, ta ce, "Ashe ba ku ɓace min ba."

Allah Ya jiƙan Inna Hajara. Ku fa, wa ya riƙe muku Hausarku?