Ni Na Karɓe Sandar Mahaifina

A shekarun da rikicin 'yan bindiga ya yi ƙamari a yankinmu, ni ma'aikacin gwamnati ne a Gombe, ina zaune a unguwar Federal Low-Cost da matata da yara huɗu, ina kuma ganin kaina mutum mai sanin ya kamata. Ni ne ɗan fari a gidanmu. Mahaifina, wanda muke kira Bappa, makiyayi ne. Ya haura saba'in, amma yana iya daɗewa tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar a kan gwiwa, ya dogara da sandarsa yana kallon shanu. Da daji ya lalace na je na ɗauko shi ba da son ransa ba, na bar shanun a hannun ƙannena. Mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Da farko kullum bayan sallar asuba yakan taka har unguwar Dawaki ya dawo. Wata rana aka tsare shi a shingen bincike, tsoho da malfa da sanda, ba katin shaida, Hausar ma ba ta zauna a bakinsa ba. Sai da na je na yi ta ba da haƙuri. Da muka dawo gida na ɗauke sandar na kulle a ɗakin ajiya, na sa matata ta gaya masa ya daina fita. Ita na sa, domin tsakanina da shi akwai kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na saya masa kujera mai laushi. Buta a kawo masa, abinci a kawo masa, masallacin Juma'a a kai shi a keke mai ƙafa uku. A ganina gata nake yi masa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Tangale da ta yi ritaya daga asibiti, ɓangaren gashin ƙashi, ita ta fara yi mini magana. Ta ce ta lura yana dafa bango in zai zaga bayan gida. Ta roƙi in bari ta gwada shi: ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba, ya je bakin ƙofa ya juyo, ya tsaya da ƙafa ɗaya yadda ya saba, ta ga abin da ya rage masa na ƙarfi. Ta ce ko minti goma ba za a yi ba, kuma in an gano da wuri ana iya dawo da ƙafar. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mata ubana ba ɗan firamare ba ne da za a sa shi tashi-zauna a gaban jikokinsa. Ta ce to ni in kalle shi da kaina. Amma ni da ya yunƙura zai tashi sai in sunkuyar da kai, ko in bar wurin. Haka na yi shekara ɗaya da rabi ban taɓa ganin yadda mahaifina yake miƙewa ba.

Wata rana da hantsi aka ji ƙarar fashewa daga cikin gari, harbi ya biyo baya, kowa ya ruga gida. Bappa na zaune a baranda. Ya yunƙura da sauri, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, matakala ɗaya tak ya taka ya faɗi. Ba harsashin da ya taɓa shi, ba wanda ya ture shi. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Hanyoyi a rufe, sai washegari muka kai shi asibiti. Maƙwabciyar nan ce ta zo ta gyara masa kwanciya, ta yi mini sannu ta tafi. Da ma zagina ta yi.

Wata bakwai ya yi a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan addu'ar bakwai ƙanwata ta gaya mini abin da ya faɗa mata. Ya ce tun kafin ya faɗi ya san ƙafafunsa suna mutuwa, sau da yawa ya so ya nemi sandarsa, amma ba zai iya buɗe baki ya roƙi ɗan fari ba. Ya ce shekara sittin a daji, santsin damina bai kayar da shi ba, sai a gidan siminti.

Har yau ina jin haushin kaina, ina jin haushin duk wanda ya yaba mini a lokacin. Ku da tsofaffinku ke raye, ku ɗaga kai ku kalli yadda suke tashi daga tabarma, yadda suke juyawa, abin da suke dafawa. In mai sani ya ce a gwada su, ku bari a gwada, ba raini ba ne. Kada ku zaunar da su da sunan hutu. Sandar Bappa tana nan inda na kulle ta, na kasa ɗauko ta, mai ita kuma ya tafi bai sake riƙe ta ba.