Lambar da ke Ƙarƙashin Ƙota

Ɗana Ermes bai taɓa zuwa farauta ba, bai kuma koyi tuƙin mota ba. A nan Gardone, inda da wuya ka sami gidan da ba ya cin abinci da ƙirar bindiga, wannan kaɗai ya isa a yi ta zolayar mutum. Shekara ashirin ya yi yana gyara a bayan wani shagon bindigogi kusa da coci, amma abin da aka san shi da shi daban ne. In tsoho ya mutu aka buɗe akwatinsa aka ga libarba, ƙaramar bindigar nan mai tulun harsashi da ke juyawa, wurin Ermes ake kai ta ya faɗi samfurinta da shekarar da aka ƙera ta. Zuciyarsa ta tsaya yana da shekara arba'in da huɗu. Aikinsa ɗaya ne na gani daga farko har ƙarshe, shi zan faɗa.

Bindigogin manyan masana'antu ba sa ba shi wahala, domin an san jerin lambobinsu shekara da shekara. Wahalar tana ga ƙananan maƙerun da suka rufe tun zamanin kakanninmu ba su bar komai a rubuce ba. Dabararsa a nan ita ce neman abin da yake kira maƙwabta. Sai ya nemo bindiga biyu na maƙera ɗaya waɗanda aka tabbatar da shekarunsu, ɗaya lambarta ƙasa kaɗan, ɗaya sama kaɗan, ya sa wadda aka kawo masa a tsakiya. In bai sami maƙwabta ba, cewa yake bai sani ba, ko da mai ita zai yi fushi.

Tullio abokinsa ne tun firamare, gidansu na kallon namu, uwarsa Nerina kuma ƙawata ce. Yana goge bututun bindiga a wata masana'anta, yana da 'ya'ya uku. Wata bazara masu gyaran rufinsu suka ciro libarba a naɗe cikin tsumma daga bayan azara. Ɗayansu ya ba da labari a mashaya, jandarmomi suka zo suka ɗauke ta kafin Tullio ya kai rahoto. Lauyan da Tullio ya ɗauka ya yi bayani a taƙaice. In an ƙera ta kafin 1890, kayan tarihi ce, magana ta yi sauƙi. In bayan haka ne, bindiga ce da ba a yi wa rajista ba, kuma wanda kotu ta kama da irin wannan laifi ba zai sake shiga ƙofar masana'antar makamai ba. Tun makon aka ce Tullio ya zauna a gida har a ga hukunci.

"Malama, ai an gama," in ji Nerina gare ni, tana juya polenta, tuwon masararmu, a kicin ɗinta. "Tullio ya ga lambar da idonsa a kan bututu, dubu huɗu da wani abu. Ta girmi cocinmu ma. Saura dai Ermes ya sa hannu."

"Ta girme ki ma, Mama, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne," in ji Tullio. Ya yi dariya, amma hannunsa yana ta murza hular aikinsa.

Lauya ya nemi izinin a duba bindigar, ni na tuƙa Ermes zuwa barikin jandarmomi na zauna a mota. Da ya fito bai dube ni ba. Ya ɗaura bel, ya ce mu tafi, sai da muka haye gadar kogin Mella ya yi magana.

"Bututun tsoho ne, Mama, mai kusurwa takwas. Amma na kwance ƙota. Akwai wata lambar a ƙarƙashinta, a jikin bindigar, dubu talatin da ɗaya da ɗari takwas."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. A da ma'aikata kan fita da sassan da aka ƙi a maƙera, ɗaya yau ɗaya baɗi, a cikin kwanon abincin rana, su harhaɗa a gida. Kowa a kwarin nan ya san wani kakan da ya yi haka, ana ma alfahari da shi. Kakan Tullio ya ɗora tsohon bututu a kan jikin da ba nasa ba. Jikin kuwa shi ne bindiga, in ji Ermes, sauran duk kaya ne da ake sauyawa.

Na ce, "Wace shekara?"

"Ban sani ba tukuna."

"Amma kana zato."

"Zato ba aikina ba ne." Ya sa hannu ya danna ƙirjinsa, yadda yake yi in ya hau bene da sauri. Na gani, na ci gaba da tuƙi.

Muka shiga neman maƙwabta. Maƙerar da ta ƙera jikin ta rufe tun kafin yaƙin duniya na biyu, bindigoginta sun watsu a ƙauyukan kan dutse. Duk Asabar ina tuƙa shi, a ba mu kofi, a fito da akwati daga ƙarƙashin gado tare da takardar rajista, ya duba, ya girgiza kai. A wani gida a Marcheno muka sami ta sama, dubu talatin da uku, da shekarar 1914 a jikinta. Wannan kaɗai bai kayar da Tullio ba, domin ba wanda ya san ko maƙerar ta yi saurin aiki a farkon zamaninta. Saura ta ƙasa. Ina tuƙi ina roƙon kada mu same ta, na kuma san shi ma tsoronta yake.

Kafin nan magana ta fita. A kasuwa mata suka daina hira in na iso wurin mai cuku. Wata yamma Nerina ta shigo ba sallama, ta tarar da shi yana cin miya.

"Ermes, ni na goya ka ranar da uwarka ke rubuta jarrabawa. Wa ya aike ka kwance ƙota? Ka rubuta abin da ke kan bututu mana. Ƙarya ce? Ba lambar ba ce a wurin?"

"Inna Nerina, kotu na da nata mai dubawa, shi ma yana da sukudireba. In ya kwance ya ga na ɓoye, Tullio ne zai zama maƙaryaci, ba ni kaɗai ba."

"To ka ce ba ka sani ba! Ai ka iya wannan, kullum shi kake gaya wa mutane."

Ya ajiye cokali. "In ban sani ba, zan faɗa."

Ta juyo gare ni. "Malama, ɗanki ne. Yara uku fa." Na ce mata ban taɓa iya sa shi ko cin alayyafo ba. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban san abin da ya sa na faɗa ba.

Ta ƙasan tana wurin wani tsoho mai suna Celso, can sama da Bovegno, wanda ya yi aikin sassaƙa ado a kan bindiga har idonsa ya gaza. Kyautar aure ce da aka yi wa ubansa sabuwa fil, an zana sunan amarya da shekara a gefenta. Ermes ya kwance ƙota a kan teburin cin abinci, ya kai gilashi ido. Dubu talatin da ɗaya da ɗari shida. Shekarar 1912.

Ya daɗe yana mayar da kusoshi biyu kacal.

"Me ya faru, ɗan nan? Ka ga fatalwa?" in ji Celso. Da ya ji ta gidan wa ake magana, sai ya buga tebur yana dariya har tari ya kama shi. "Jikan Bortolo? Bortolo mai hannun katako? Wannan ko ƙofar kejin kaji ya haɗa, sai kaji sun fita. In shi ya harhaɗa ta, ka ba ni ita in sa a kunnena in ja kunama."

A hanyar dawowa, da muka sauko daga dutse, Ermes ya ce in tsaya ya kira lauya. Ya nemi ganin bindigar karo na biyu. Wannan karon ya tafi da siririn sandan tagulla daidai faɗin bututu. Ya zura shi, ya juya tulu rami bayan rami, sandan bai shiga ko ɗaya ba. Tulun na wani samfurin ne dabam, allurar da ke bugun harsashi ma gefe take sauka. Tun ranar da Bortolo ya haɗa ta ba ta taɓa iya tashi ba, ƙila shi ya sa ya tura ta bayan azara.

Kafin ya miƙa rahoto ya haye titi ya karanta wa Tullio a tsaye a bakin ƙofa. Ina kallo daga tagarmu. Shekarar ce a layin farko: tsakanin 1912 da 1914. Maganar sandan tana ƙasa.

"Ka sa na ƙasan a sama mana," na jiyo Tullio yana cewa.

"Shekara aka tambaye ni."

"Kai dai ko a kabarina sai ka kwance ƙota."

Ba wanda ya iya gaya mana ko alƙali zai karɓi bayani na biyun. Lauya ya ce ya ga an karɓa, ya ga an ƙi. Kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Tullio ya sayar da karen farautarsa, matarsa ta fara guga a wani otal. Nerina ta koma rufe tagar da ke kallonmu. Ermes ya rame, yana zuwa aiki ta bayan layi don kada ya bi ta gaban gidansu. Duk wayar da ta yi ƙara a gidanmu, sai mu dubi juna kafin wani ya ɗauka.

Mai dubawa na kotu ya zo da nasa sandan, ya sami abin da Ermes ya samu, har da shekarar. Alƙali ya rufe shari'ar tunda bindigar ba ta iya tashi, aka aika ta a narke. Masana'anta ta kira Tullio, sai dai wani ya riga ya gaje injinsa, aka mayar da shi sashen ɗaure kaya a kwali, albashi ya ragu.

Ranar da ya koma aiki ya biyo ta shagon da kwanon abincinsa. Na kai wa Ermes maganin da ya manta, shi ya sa ina wurin. Tullio ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga murfin kwanon ya karkato shi.

"Duba da kyau, alƙali. Taliya ce da wake. Ko za ka faɗi shekararta?"

"Ta jiya ce," in ji Ermes. "Matsa, ka tare mini haske."

Tullio ya matsa gefe, bai shigo ba, bai kuma tafi nan da nan ba.